Wuƙaƙen aljihun da na daina saye

Ina da wata durowa da ba na buɗe wa baƙi. Ita ce ta can ƙasa a akwatin da nake ajiye wuƙaƙen aljihu, kuma duk wuƙar da na saya da zumuɗi, daga baya na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa, nan nake jefa ta. Sai dai in sabon shiga harkar tara wuƙaƙe ya matsa mini da tambayar wane kamfani ne zai guje wa, sai in jawo ta in ce ya zauna. Abin da zai fara lura da shi, yawancinsu sunaye masu nauyi ne rubuce a jikinsu.

Ta farko da ta shiga durowar siririya ce, mai lanƙwasa kaɗan, da ɗan ƙudan zuma na ƙarfe a bayanta, an rubuta Laguiole a ruwanta. Ni a lokacin na ɗauka sunan kamfani ne. Ashe sunan wani ƙauye ne a yankin Aveyron na Faransa, kuma ba wani maƙeri guda da ya mallaki sunan. Shi ya sa za ka ga wuƙar da aka ƙera da hannu a ƙauyen ko a garin Thiers, ka kuma ga wadda injin ya zubo dubbai a wata nahiya, dukansu da kalma ɗaya a jiki. Maƙeran kirki sukan buga nasu sunan ko tambarin kusa da kalmar. Tawa ba ta da ko ɗaya. Bayan 'yan makonni ruwan ya fara girgiɗi hagu da dama, ƙudan zuman kuma da na duba da kyau sai na ga an manna shi a karkace. Tun daga ranar, in na juya wuƙa ban ga wanda ya ɗauki alhakin ƙera ta ba, nakan ajiye ta in yi gaba.

Ta biyun ce ta fi ƙona mini rai, don a lokacin ina ganin na waye. A gwanjon intanet na gan ta, tsohon suna ne daga Amurka, hotuna huɗu masu kyau, an ce ta kakan mai sayarwar ce. Babu hoto ɗaya da ya nuna gindin ruwan, wato wurin nan kusa da ƙota inda ake buga tambari. Ban tambaya ba. Da ta iso, na buɗe ta a gaban taga, sai ga sunan wata ƙasa daban an rubuta ƙanana a bayan ruwan, ƙotar ma ko ƙwarzane ɗaya babu. Kakan nan dai bai daɗe da zuwa kanti ba.

A nan ne na koyi cewa a wannan harka suna yakan rayu bayan masana'antarsa ta mutu. Kamfanin Schrade ya rufe masana'antarsa ta Ellenville a jihar New York a 2004, wani kamfanin ya sayi sunan, aka ci gaba da fitar da wuƙaƙensa masu suna Old Timer da Uncle Henry daga China. Camillus ya rufe a 2007, shi ma aka sayi sunansa. Queen na garin Titusville a Pennsylvania ya dakatar da aiki a 2018. Babu haramun a sayen suna, kuma sababbin na iya yanka igiya da fere itace lafiya lau. Amma ga mai tarawa, ta kafin rufewa da ta bayan rufewa abubuwa biyu ne mabambanta, ko da siffa ɗaya ce da lamba ɗaya. Haɗarin yana wurin dillalin da ya san bambancin ya yi gum. Yanzu ba na taya wuƙa sai an turo mini hoton gindin ruwa gaba da baya, cikin haske, ba tare da yatsa ya rufe rabi ba. Wanda ya fara kame-kame, ya ba ni amsa ke nan.

Tambarin ma sai an iya karanta shi. Kamfanin Case na garin Bradford a Pennsylvania ya ɓullo da wata dabara a 1970: ɗigo goma a ƙarƙashin tambari, kowace shekara a cire ɗaya, har zuwa 1979 da ya rage ɗigo guda. Da wannan mutum zai san shekarar wuƙa a kallo ɗaya. To, masu jabu su ma sun yi karatun. Akwai masu goge tambari su buga na tsohon zamani, akwai masu ɗauko ruwan wannan su haɗa da ƙotar waccan. Gilashin ƙara girma ya zama abokin tafiyata saboda su.

Jabun wuƙaƙen zamani kuwa, shi ne ya bar mini tabo a ɗan ali. Duk sunan da ya yi tashe ana kwaikwayonsa, daga Victorinox mai jar ƙota har Spyderco mai ramin nan zagayayye a ruwa da Benchmade. Tawa ba zan faɗi wanda aka kwaikwaya ba, don su ba su da laifi. Kwalin ya yi daidai, takardar ciki ta yi daidai, har nau'in ƙarfe mai tsada an rubuta a ruwan, ga araha kamar an tsinta. Na san araha ba ta ado, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Wata rana ina yanka kwali mai kauri, na ɗan murɗa hannu, sai makullin da ke riƙe ruwan a buɗe ya saki, ruwan ya naɗo kan yatsana. Da na warke na kwance ta don in ga cikinta: kan sukurorin ya lalace tun a murɗawar farko, laushi kamar dalma, harshen makullin kuma da ƙyar yake taɓa gindin ruwan. Kama da wane ba wane ba ne. Wuƙaƙe masu irin waɗannan sunaye sai daga hannun dillalin da kamfanin da kansa ya amince da shi.

Kada kuma a ce ƙasa nake zargi. Spyderco da kansu a China suke ƙera wuƙarsu mai suna Tenacious, sun kuma rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikinta. Kamfanonin China irin su WE da Civivi da Kizer da sunansu suke fitowa, aikinsu kuma ba na raini ba ne. Wanda ya buga sunansa da ƙasarsa da ƙarfensa na gaskiya, ni da shi ba faɗa.

Sai rukunin da ya fi cika durowar, wato wuƙaƙen da aka ƙera musamman don a tara su. Akwati mai karammiski, takardar shaida mai hatimin zinariya, hoton gaggafa ko kyarkeci a ƙota, da lamba wai guda kaza kawai aka yi a duniya. Na daɗe kafin in fahimci cewa kuɗin a akwatin ya ƙare. Duba ruwan, ba za ka ga komai ba sai wata kalma da ke nufin ba ya tsatsa, ko a ce ƙarfen likitocin tiyata ne, wanda ba ya gaya maka komai, ko a rubuta 440 tsurarsa. Alhali ƙarfen da ake kira 440 iri uku ne, A da B da C, kuma na C ya fi na A yawan sinadarin kabon da riƙe kaifi nesa ba kusa ba. Mai amfani da C ba ya manta rubuta harafin. Ba kuma tsadar ƙarfe ce kaɗai magana ba, gashinsa ma rabin aiki ne. Buck sun daɗe suna amfani da 420HC, ƙarfe mai sauƙin kuɗi, amma yadda suke sarrafa shi a wuta ya sa ake yaba kaifinsa. Waɗancan na akwatin karammiski, in ka ɗora su a dutsen washi sai ka ji suna santsi, kaifin da ka samu da safe ya dakushe kafin yamma. Da na gwada sayar da biyu daga cikinsu, ko tayi ban samu ba.

Haka nan masu zanen ruwa-ruwa da ake kira ƙarfen Dimashƙa. Na ainihi an haɗa ƙarafa iri biyu ne an ninka, don haka zanen ya ratsa har ciki, in ya dushe aka sake tsoma shi a sinadari zai dawo. Na bogi a sama kawai aka zana, in ya goge ya tafi ke nan.

Ta ƙarshe ba jabu ba ce, tsohuwa ce ta gaskiya, kuma ita ta fi yi mini ɓarna. Ƙotarta ta seluloyid ce, wata tsohuwar roba mai launin ɗorawa da ɗigo-ɗigo, kyakkyawa ƙwarai. Ban san cewa seluloyid in ya tsufa yakan fara ruɓewa yana fitar da iska mai cin ƙarfe ba. Na rufe ta a akwati ɗaya da wasu biyar na yi watanni ban leƙa ba. Ranar da na buɗe, wani wari mai tsami ya fara tarbar hancina. Ƙotar ta motse ta tsattsage, bayan ruwanta da ke leƙowa waje ya yi jawur da tsatsa, maƙwabtanta biyu na kusa su ma sun kamu. Na kwana biyu ina gogewa da mai, ɗaya ta dawo, ɗayar ramukan tsatsar sun riga sun zauna. Ita mai laifin ban iya jefar da ita ba. Tana can saman kanta ita kaɗai a kan faranti, inda iska ke wucewa, nakan duba ta duk wata in ga inda ruɓewar ta kai.