Kafin ka ce shokozoba ce, lura da lokacin da ƙarar ke fitowa

Ƙanina mai sabuwar mota a hannu, ƙara a ƙarƙashin mota ta iya yaudarar kunne. Ƙarfe yana ɗaukar sauti daga nan ya kai shi can, sai ka rantse daga taya take fitowa. Ni haka na rantse, har na sa aka canza mini shokozoba da boljoyin (mahaɗin da ke riƙe ƙafar mota) masu lafiya, ina tayar da mota na sa giya sai ga “gwaf” ɗin nan yana nan daram. Ashe injin sit ne, wato robar da inji ke zaune a kanta, ya yage.

Tambayar da ban yi wa kaina ba ita ce: yaushe take yi? Idan sai ka shiga gargada ko rami, to nemi ta wajen ƙafar mota, inda shokozoba da boljoyin suke. Idan ƙas-ƙas ce a jere lokacin da ka murɗe sitiyari kana kwana, shaf ne, wato sandar ƙarfen da ke juya taya. Amma bugu guda ɗaya mai nauyi lokacin da ka sa D (giyar tafiya gaba a mota otomatik) ko ribas, ko ka saki kuloci, ko ka taka totur ka ɗaga ƙafa farat ɗaya a kan titi sumul, wannan inji ne yake juyawa yana dukan abin da ya kamata roba ta tare.

Injin sit roba ce manne da ƙarfe, guda uku ko huɗu a yawancin ƙananan motoci, har da wadda ke riƙe giyabos. Wasu akwai ruwa a cikinsu, in sun fashe za ka ga baƙin jirwaye ya gangaro a jikinsu. In robar ta zauna, sitiyari yakan yi ta karkarwa kana tsaye a giya, ya lafa in ka mayar N, wato ka fitar da mota daga giya. Sai dai fulogi marar kyau ma yana girgiza inji, kada ka yanke hukunci da karkarwa kaɗai.

Gwajin ba wuya. Buɗe bonet, ja hambirki, a tokare tayoyi da katako. Wani ya danne birki sosai, ya sa D, ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya maimaita a ribas. Kai ka tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, don Allah. Ɗan motsi ba laifi ba ne, aikin robar ke nan. Amma in ka ga inji ya ɗago kamar zai miƙe sannan ya faɗo da ƙara, ka kama ɓarawonka. Haska tocila ka duba ko robar ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo. Na canza robar injin sit ɗin da ta yage kaɗai, ban kula baƙin mai yana ɗiga a kanta ba. Mai kuwa cinye roba yake yi, ba a daɗe ba sabuwar ta yi laushi. Sauran robobin kuma sun gaji da ɗaukar nauyin da ba nasu ba, ga salansar mota ta tsage saboda jan da inji ke yi mata. Don haka a fara toshe yoyon, a duba dukkansu rana ɗaya, kuma ka ce wa bakanike kada ya ƙarasa ɗaure noti sai an sauke jak, inji ya zauna da nauyinsa.