Abin da Na Gani a Bayan Ganuwar Jaisalmer

Da likita a birnin Delhi na ƙasar Indiya ya ce sai yayana ya huta kwana 10 kafin a sake duba shi, shi da kansa ya kira ni ya ce, "Ƙanena, ga matata tana kula da ni, tashi ka je ka ga ƙasa." Da haka na hau jirgin ƙasa zuwa jihar Rajastan, wadda hamadar Thar ta mamaye yammacinta har iyakar Pakistan. Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari, saboda haka yashi da raƙuma ba baƙina ba ne, amma ban taɓa zaton mutane za su ɗora gini irin wannan a ƙasar da ruwa yake wuya ba.

Na fara sauka a Jodpur, inda fadar Mehrangar, wadda sarki Rao Jodha ya kafa a 1459, take zaune a kan dutse sama da mita 100 daga gari, gidaje masu shuɗin fenti sun yi mata zobe a ƙasa. Abin da na fi tsayawa ina kallo shi ne wata ƙofa da aka kafa wa manyan ƙusoshin ƙarfe sama da tsayin mutum, domin kada giwayen abokan gaba su banke ta da ka.

Jaisalmer ce ta fi kama zuciyata. Sarki Rawal Jaisal ya gina ganuwarta a 1156 da dutse mai ruwan ɗorawa, kuma idan rana ta yi yamma sai ka ga kamar an zuba mata zuma. Har yau dubban mutane suna zaune a cikinta, da shagunansu da wuraren ibadarsu, yara suna wasa a lungu, shanu suna tare hanya. Wani dattijo mai sayar da yadi ya nuna mini tsagewa a jikin bango, ya ce kakanninsu sun yi ginin ne domin mutanen da suke ɗauko ruwa a tulu daga tafkin Gadisar, amma da famfo ya shigo, baƙi suka yawaita, sai ruwa ya riƙa tsiyaya cikin tushen gini yana cinye shi. Hukumar UNESCO ta sa ganuwar cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ina saurarensa na tuna da badalar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun kafin wannan, da yadda nake ganin tana zaizayewa duk lokacin da na shiga birni.

Da dare wasu makaɗa suka yi wasa a masaukinmu. Ana kiransu Manganiyar, Musulmi ne, amma iyayen gidansu na gado 'yan addinin Hindu ne, kuma su suke riƙe da salsalar gidajen, suna jero sunayen kakanni a ranar suna ko biki. Babbansu yana jan wani abin kiɗa mai kama da goge da suke kira kamaica, wani saurayi kuma yana kaɗa 'yan katako tsakanin yatsunsa. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Gumel ranar sallah zai gane cewa maroƙa ne suke wasa ubangidansu. Na yi wa babban nasu sallama, ya amsa mini cikakkiya.

Sai dai abin da na dawo da shi gida a ƙauye na same shi. Wani direba ya kai ni gidansu, mahaifiyarsa ta kwaɓa garin gero, wanda suke kira bajra, ta tafa shi tsakanin tafukanta, ta gasa a kan kaskon ƙasa da wutar kashin shanu, ta shafa masa man shanu. Ƙamshin geronmu ne sak. A tsakar gida akwai wani rami da aka shafe cikinsa aka yi masa murfi, suna kiransa tanka, inda ruwan sama yake taruwa su yi watanni suna sha. A gonakinsu kuwa akwai wata bishiya mai ƙaya, kejri, wadda suke sassabe ganyenta da sanyi domin awaki da raƙuma, su dafa 'ya'yanta su yi miya, gero kuma ya fi kyau a gindinta, kamar yadda yake yi a gindin gawo. Ba sa sare ta. A 1730, da sarkin Jodpur ya aiko a sare bishiyoyin ƙauyen Kejarli domin ƙona farar ƙasar ginin fada, wata mata mai suna Amrita Devi ta rungume bishiya aka kashe ta, kuma mutum 363 daga al'ummarta ta Bishnoi, waɗanda addininsu ya hana sare ɗanyar bishiya, suka mutu a kan haka kafin sarki ya hana. Tun da na ji wannan labari, kallon da nake yi wa fadojin ya sauya.

Da muka dawo gida, yayana ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Na je gaida Baffa ina nuna masa hotunan fadoji a waya, sai ya ture ta ya ce, "Kai ɗan nan, me suke nomawa?" Na ce, "Baffa, gero ne, kuma ba sa taɓa bishiyar gona." Ya yi shiru, sannan ya fara lissafa mini gawon da ke gonar kakanmu lokacin yana yaro, guda 14, waɗanda yanzu saura biyu, sauran duk sun tafi a itacen girki da gawayi. Washegari da sassafe muka zaga gonar tare, muka samu ƙananan gawo uku da suka fito da kansu a bakin iyaka, na sassaro ƙaya na kewaye su saboda awaki.