Jitar bariton da abin da take nema a hannun mai kaɗa ta

Muryata mai kauri ce, kuma ita ta kai ni ga jitar bariton, wato jitar da sautinta ya fi na jitar yau da kullum kauri. Da jita ta yau da kullum nakan riƙa miƙa maƙogwaro don in kamo sautin. Da bariton kuwa kiɗan ne ya sauko ya same ni inda nake.

Sirrinta yana cikin tsawon tsirkiya. A jitar da kowa ya sani, tsirkiyar da ke kaɗawa tana tsakanin inci 24.75 da 25.5. A bariton tana farawa daga wajen inci 27, wasu har kusan 30. Abu uku ke yanke hukuncin sautin tsirkiya: tsawonta, kaurinta, da yadda aka ɗaure ta. In ka sassauta tsirkiyar ƙaramar jita don ta yi ƙasa, za ta yi laƙwas, ta riƙa dukan ƙarafan wuya, kuma da ka danna da ɗan ƙarfi sautin ya goce. Ƙarin tsawon nan, tare da tsirkiyoyi masu kauri (galibi kaurinsu daga inci .016 zuwa .070), shi ke sa ta sauka ƙasa amma ta zauna a miƙe. Yawanci ana ɗaure tsirkiyoyinta shida a kan sautukan da ake kira B, E, A, D, F#, B. Wasu kan ƙara saukar da ita zuwa A.

Inda aikin maƙerin jita yake shi ne akwatin. Tsirkiyar ƙasa ta jitar yau da kullum tana girgiza kusan sau 82 a daƙiƙa, ta bariton kuwa kusan sau 62. Iskar da ke cikin akwatin jita ta fi amsawa a wajen sau 100, wato sautin ƙasan bariton ya yi wa akwatin nisa. Shi ya sa ake yi mata babban ciki mai zurfi, kuma duk da haka yawancin abin da kunne ke ji rassan sautin ne da ke sama, kunnen ya cike sauran da kansa. Sai kuma allon fuska, wanda aka fi yi da itacen sufurus. In aka tallafe shi daga ciki da sanduna masu nauyi don ya jure jan tsirkiya, amon ya shaƙe. In aka yi sakaci, ya kumbura a bayan jakin da tsirkiya ke hawa. Maƙeri nagari a wannan tsakanin yake aiki, yana fere sandunan kaɗan-kaɗan yana ƙwanƙwasa allon yana saurare.

Ni dai na fi son wadda aka yi bayanta da gefenta da itacen mahogani. Itacen rozwud yana ƙara zurfi, amma bariton ba zurfi ta rasa ba, tsabtar sauti take bukata.

Wannan ne ma abin da na fi so sabon mai kaɗawa ya ji. Haɗin sautin da ke da daɗi a ƙaramar jita, in ka zuba shi gaba ɗaya da tsirkiya shida a bariton, sai ya dagule kamar ruwan da aka tako. Sautuka masu kusanci da juna ba sa jituwa a can ƙasa. Rage yatsu. Kaɗa uku ko huɗu, ka bar tazara tsakanin na ƙasa da na sama, ka jira kowanne ya gama numfashinsa, domin tsirkiya mai nauyi tana jinkirin tashi tana jinkirin mutuwa.

Manyan masu sana'ar sun yi ta neman hanyar magance dagulewar nan. Pat Metheny, makaɗin jita na Amurka, a bariton da Linda Manzer ta Kanada ta ƙera masa, ya sa sirara a tsirkiyoyi biyu na tsakiya ya ɗaga su sama da zango guda, wato ya ninka saurin girgizarsu. Kamfanin Taylor kuma ya fitar da mai tsirkiya takwas, inci 27, inda aka yi wa ta uku da ta huɗu abokan tafiya sirara. Dabarar ta burge ni, sai dai na tsaya kan mai shida, saboda ƙyallin da sirarun ke ƙarawa yakan rufe duhun amon da na zo nema tun farko.