Talata: hoton ƙwaƙwalwar Kawu Sale

Sakamakon hoton MRI na Kawu Sale ya fito yau da hantsi, kuma ya tabbatar da zargin likitan ido: idanunsa biyu lafiya ƙalau suke, amma hawan jini ya jawo toshewar wata jijiyar jini, wani yanki na ƙwaƙwalwarsa ta wajen ƙeyar dama ya lalace. Shi ya sa yake karo da ƙyaure ta hagu, kuma ba ya ganin mai shigowa ta wannan gefen sai ya ji sallama.

Bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Ke da kike karatun likita, gaya mini gaskiya. In ido lafiya yake, me ya hana shi gani? A sayo mini tabarau mai ƙarfi a huta." Na ɗauko takarda na zana masa hanyar. Na ce masa aikin ido karɓar haske ne, saƙon kuma yana fita ta jijiyar gani, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa jijiyoyin idanun biyu su haɗu, kusan rabin zaren kowacce ya tsallaka ɗaya gefen, ya yada zango a talamus, wata tashar saƙonni a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya bazu har ƙeya, wurin da ake kira V1, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke fara karanta abin da ido ya gani. Saboda wannan tsallakawar, duk abin da ke hagun mutum ƙeyar dama ce ke karanta shi, ko da wane ido ya kalla. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, sannan ya ce, "Wallahi duka biyun rabi ne, 'yar nan." Ya daɗe yana duban zanen, har ya nemi in bar masa takardar ya nuna wa abokansa na majalisa.

Da dare na koma kan littattafaina, abin ya ƙi barina. Da raunin mutane aka fara zana taswirar da ke nuna wane sashen V1 ne ke kula da wane gefen gani. Likitan idon Japan, Tatsuji Inouye, ya auna inda harsashi ya ratsa kawunan sojojin da suka yi yaƙi da Rasha a 1904 zuwa 1905, ya kwatanta da gefen ganin da kowannensu ya rasa, ya wallafa aikinsa a 1909. A 1990 ne masanin kimiyya ɗan Japan, Seiji Ogawa, ya nuna cewa yawan iskar oksijin da ke cikin jini yana sauya hoton MRI, wanda ya sa yau mai lafiya zai kwanta cikin na'urar yana kallon zobe mai walƙiya yana faɗaɗa, a ga sassan V1 suna aiki bi da bi, a kuma ga tsakiyar gani ta cinye fili fiye da gefe nesa ba kusa ba. Ina sha'awar wannan ilimi ƙwarai, amma yau ya yi mini nauyi, domin ya nuna mana wurin ciwon daidai, alhali babban abin da za a iya yi wa Kawu shi ne a koya masa yawan juya kai da ido zuwa hagu, a kuma tsare hawan jinin kada ya sake toshe wata jijiyar.

Inna ta mayar da kujerarsa yadda ƙofa za ta kasance a damansa.

Sai kuma maganar babur, wadda ya tambaye ni ina fita. Mutumin da ba ya ganin hagunsa bai kamata ya hau titi ba, amma daga bakina ba zai karɓa ba. Na yi wa Yaya Bello waya, ya ce zai zo ranar Juma'a su zauna, kafin nan kuma makullin yana hannun Inna.