Wanda ya zubar da jini da wanda bai zubar ba

Shekarata ta uku ke nan ina riƙe da jakar taimakon gaggawa ta wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa 'yan ƙasa da shekara 17 lokacin da abin ya faru. Ni ba likita ba ne, mataimakin koci ne, amma da yake na taɓa samun ɗan horo kan taimakon farko, duk yaron da ya faɗi a fili ni ake waiwaya a kalla.

Wajen minti na 20 aka bugo mana kwana. Yaranmu biyu suka tashi sama a tare domin su cire ƙwallon da ka, ba wanda ya ga ɗan'uwansa. Ƙarar haɗuwar kawunansu har bakin layi na ji ta. Goshin ɗaya ne ya daki gefen kan ɗayan, daidai tsakanin ido da kunne.

Da na isa, na farkon yana zaune, girarsa ta tsage, jini ya wanke masa rabin fuska yana ɗiga a riga. Na biyun kuwa tuni ya miƙe yana kakkaɓe wando. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Na tambaye shi a gurguje, ya ce, "Koci, ba komai." Na dafa kafaɗarsa na ce ya koma, ni kuma na durƙusa kan mai jini da auduga da bandeji, hankalina duk a tashe.

Ɗinki uku kawai aka yi wa mai girar, washegari yana ta wasa da dariya. Fatar kai da ta fuska cike suke da ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa ɗan yanka kaɗan kan yi ambaliya. Wannan na san shi tun a aji, amma ganin jini ya mantar da ni.

Wanda na mayar fili shi ne ya ƙi fita daga raina har yau. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na lura yana tsayawa a inda ba wurinsa ba, ƙwallo ta wuce ta gabansa bai bi ta ba. Na ɗauka gajiya ce. A lokacin hutu ya zauna ya rufe idonsa da tafin hannu, ya ce hasken rana na damunsa. Sai ya ɗago ya tambaye ni nawa da nawa ake. Na faɗa masa. Ba a yi minti biyu ba ya sake tambayata, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Daga nan ya juya gefe ya yi amai. Gabana ya faɗi irin faɗuwar da ban taɓa ji ba.

A asibiti aka yi masa hoton kai na CT. Muna jiran sakamako likitar ta kira ni gefe, ba ta yi mini faɗa ba, amma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗora yatsanta a gefen kaina ta ce, "Malam, ka san abin da ke ƙarƙashin nan?"

Abin da ta bayyana mini, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne wannan. Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa 22 ne, 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 su ne fuska. Goshi na da kauri, amma a wurin da ta taɓa ƙasusuwa huɗu ne suka haɗu, kuma nan yana cikin wurare mafi rauni a kan mutum. A bayansa akwai jijiya mai harba jini. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini kan taru tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Abin tsoron shi ne mutum na iya tashi garau, ya yi magana, ya yi tafiya, na mintuna ko sa'o'i, alhali jinin na taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, sai kawai a ga ya sulale. Wato "ba komai" ɗin da yaron ya faɗa mini ba shaida ba ce ko kaɗan.

Allah ya taƙaita, hotonsa ya fito babu tsagewa, babu jini. Na sauke ajiyar zuciya na ce ke nan lafiyarsa ƙalau. Ta girgiza kai. Ta ce girgizar ƙwaƙwalwa ce ya samu, ita kuwa ba ta fitowa a irin wannan hoton. Ƙwaƙwalwa, mai nauyin kusan kilo 1.4, taushi gare ta, kuma tana yawo ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya tsaya cak ko ya murɗa da ƙarfi, sai ta bugu da bangon ƙashi, aikinta ya rikice ko da ba abin da ya fashe. Ni a da ina jiran in ga suma kafin in yarda an ji ciwo a ka. Ashe mafi yawan masu girgizar ƙwaƙwalwa ba sa suma sam. Sannan in aka sake bugun kan da bai warke ba, musamman na matashi, ƙwaƙwalwa na iya kumbura farat ɗaya. Ba kasafai ake samun haka ba, amma yana kisa. Minti 25 na bar yaron nan cikin wannan haɗarin.

Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a ka, aka bar shi ya ci gaba, har alƙalin wasa Nicola Rizzoli ya ce ɗan wasan ya zo yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Wannan bai wanke ni ba. Ya dai nuna mini cewa da wuya ɗan wasa ya fita daga fili don kansa, sai an cire shi.

Tun daga ranar na sauya yadda nake shiga fili. In kawuna suka haɗu, na kan fara da wanda ya yi shiru. Kafin in ɗaga kowa sai na tambayi wuyansa, domin bugun da ya taɓa kai yana iya taɓa ƙashin wuya, in yana jin ciwo a nan ko hannu ya mutu, ba mai motsa shi. Na daina tambayar "lafiya?". Tambayoyin gwada tunani da ake kira na Maddocks nake yi: wane fili muke, wane zagaye ake ciki, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa muka buga wasan da ya wuce, mun ci ko an ci mu. Ya kuskure ɗaya, ya gama wasa ranar. Ya amsa duka amma yana layi ko idonsa ya yi wani iri, nan ma ya gama. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, jijjiga, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko ruwa garai-garai daga hanci ko kunne, waɗannan ba na tsayawa shawara da kowa, asibiti kai tsaye.

Raunin fuska ma na gyara hannuna a kai. Mai haɓo na daina ɗaga masa kai sama, jinin maƙogwaro yake bi. Sunkuyar da shi nake, in matse tattausan wurin hancin na minti 10. Haƙorin dindindin in ya fita ɗungurungum, ta sama ake kama shi ba ta saiwa ba, a mayar da shi gurbinsa ko a saka cikin madara a garzaya wurin likitan haƙori, cikin sa'a guda. Wanda aka buga a ido kuma yana ganin abu biyu-biyu ko kuncinsa ya mutu, ina zargin ƙashin kwarmin ido, in hana shi fyace hanci. Irin karayar da Victor Osimhen ya samu ke nan a kunci da kwarmin ido a Nuwamba 2021, a wasan Napoli da Inter, wadda ta sa ya fara sanya abin kare fuska.

Dawowar yaron ta fi komai wuya. Kwana biyu ya huta, ba waya sosai, ba motsa jiki. Daga nan tafiya, sai sassarfa, sai atisaye shi kaɗai da ƙwallo, kowane mataki aƙalla kwana guda, in ciwon kai ya dawo a ja baya. A mako na biyu ya same ni idonsa cike da hawaye, ya ce, "Koci, don Allah, za a ba wani wurina." Na ce wurinsa na nan, amma sai likita ta sa hannu. Sai bayan mako uku ta sa.

Yanzu ya girma, yana buga wa wata ƙungiyar. Mun haɗu kwanakin baya, hira ta kai mu kan wancan wasan. Ya ce yana tuna lokacin da ake shirin bugo kwanar, yana kuma tuna fitilar ɗakin asibiti. Tsakaninsu babu komai. Minti 25 ɗin da ya yi yana gudu a gabana, da izinina, ko ɗaya bai san ya yi su ba.