Giwa da ɗakinta a mashigar Raton

Asabar, ƙarfe goma da rabi na dare, bakin tafkin Trinidad, jihar Kolorado, Amurka.

Kowa ya yi barci sai ni. Ina zaune a kan kula a ƙofar tirela, wato ɗakin kwana mai taya da muke ja da mota, ƙafafuna har yanzu ji suke kamar ana tafiya. Giwa tana gefe ta yi tsit, kamar ba ita ta wuni tana gurnani ba. Yara ne suka raɗa mata sunan tun ranar da na shigo da ita gida. A-kori-kura ce ƙirar Ram 2500 ta shekarar 2018, na saye ta hannu na biyu, injinta Cummins mai shan dizal, lita 6.7, silinda shida a jere. Yau watanta goma sha ɗaya a hannuna, kuma tun ranar nake kare kaina a gaban uwargida, wadda ta ce na sayi tankar yaƙi don zuwa kanti sayen burodi.

Ba ta yi ƙarya ba, in za a bi gaskiya. A Dalas motar nan wahala ce. Ba ta shiga garejinmu. In na je ajiye ta a bakin masallaci ranar Juma'a sai na ci wurin mutum ɗaya da rabi. Juyen baƙin mai kaɗai sai ta shanye galan uku. Ga kuma matatar da ke cikin salansa, wadda take tare baƙin hayaƙi: tana buƙatar doguwar tafiya, injin ya yi zafi sosai, kafin ta ƙone tokar da ta tara. Ni kuwa aikina minti goma ne daga gida. Sau biyu cikin hunturu fitila ta kama, na fita babban titi da daddare ina ta zagaye ba inda za ni, don kawai Giwa ta yi gyatsa. Bakaniken da na kai wa ya ce motar ba ta da laifi, doki ne na ɗaure a ɗaki.

To yau dai aka saki dokin.

Mun kwana a Palo Duro, kwazazzabon nan da ke kudu da Amarilo, wanda zurfinsa ya kai mita 240. Wurin kwanan a can ƙasa yake, saboda haka aikin farko da safe shi ne hauro da kaya. Bayan asuba na ɗaura ƙugiya, na gicciya sarƙoƙi, na soka wayar birki, na sa babban ɗana ya tsaya a baya yana duba fitilu. Hajiya tana kan darduma tana lazimi tana kallonmu. Wata uku ke nan da zuwanta daga Katsina, kuma har yau ba ta gane dalilin da zai sa mutum mai gida da ruwa da wuta ya ja ɗaki zuwa daji ya biya kuɗi ya kwana ba. Jiya cewa ta yi, "Mu abin da muka yi ta addu'a Allah ya raba mu da shi, ku shi kuke saye da dala." Ta ce ko Fulani in sun tashi, ciyawa suke bi, mu me muke bi?

Hawan bai dami Giwa ba ko kaɗan. Titin yana da tsayi, wani wurin kashi 10 cikin ɗari, ga kwana-kwana, amma allurar injin ba ta wuce dubu biyu ba. Abin da mutum yake biya wa kuɗi ke nan a dizal: ƙarfin jan yana nan tun injin yana juyi a hankali, ba sai ya yi ta ihu kamar na fetur ba. Na waiga na kalli uwargida. Ta ce in kalli hanya.

Girman kai ya bi ni har bayan Dumas, inda titi mai lamba 87 ya karkata yamma. Wanda bai taɓa ganin wannan yanki na Teksas ba, ya ɗauka faranti ne aka kife: ba tudu, ba bishiya, sai gonaki da garken shanu na kiwon turke, waɗanda warinsu yake riga su isowa. Kuma iska. Tana bugowa daga hagu ba hutawa. Muna gudun mil 65 wata babbar mota ta zo ta wuce mu, sai na ji bayan Giwa ya yi wani lilo, na duba madubi na ga tirela tana kaɗa gindi, hagu, dama, hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Auta ta yi ƙara. Hajiya ta ɗauki salati.

Ƙafata ta tafi birki da kanta, da ƙyar na janye ta. Abin da aka koya mini shi ne kada ka taka birkin mota, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka sa hannu ka matse ɗan makunnin nan na birkin tirela ita kaɗai, don ta ja baya ta miƙe kamar igiya. Na yi hakan. Bai fi daƙiƙa biyar ba ta nutsu. Ni ne ban nutsu ba. Na rage zuwa mil 50 na riƙe a haka, tafin hannuna sharkaf.

Babu wanda ya yi magana har muka sami gidan man manyan motoci mai sikeli. Na hau da komai aka auna, na sauke tirela a gefe na koma da Giwa ita kaɗai aka sake aunawa. Da na yi lissafi a bayan takardar sai kunya ta kama ni. Tirelar ta kai kilo 3,600. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya sauka a kan ƙugiya, wato aƙalla kilo 360. Nawa bai kai 260 ba. Gaba ya yi sakayau, baya ya yi nauyi, shi ya sa iska kaɗan ta mai da ita wutsiyar kifi.

Kuma na san wanda ya yi wannan aika-aika. Daren jiya, don in buɗe wa Hajiya hanyar zuwa bayi, na kwashe komai na tura can ƙarshen tirela bayan tayoyi: janareto, jarkoki shida na ruwan sha, buhun shinkafa, akwatin kayan aiki, da babbar jakar Hajiya wadda ban san me ke ciki ba amma ta fi auta nauyi. Kekunan yara uku kuma dama a bayan suke rataye. Duk watannin nan ina ta yi wa mutane fankamar nauyin da Giwa za ta iya ja, ban taɓa hawa sikeli ba sai yau.

Wani dattijo direban babbar mota da ke shan kofi ya zo ya tsaya yana kallon yadda muke jido. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya dai buɗe ƙofar direba ya nuna mini 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da ke manne a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka a kanta. Tawa bai wuce kilo dubu da 'yan kai ba. Ya ce in cire nauyin mutum shida, in cire na ƙugiya, in ga abin da ya rage kafin in fara loda bodi. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan kilo, kuma wannan nauyin daga cikin rabonka ake cire shi. Wato Giwa ta fi 'yar uwarta mai fetur iya ja, amma 'yar uwar ta fi ta iya ɗauka. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Saboda haka janareto kaɗai na ɗora a bodi, sauran muka jera a cikin tirela gaban tayoyi, muka ɗaure. Awo na uku ya ba da kilo 430. Uwargida ta karɓi takardar ta ninke ta sa a jakarta, na san kuma ba don tarihi ba.

Tunda muna wurin na sha mai, na kuma ɗauko jarkar ruwan DEF na ɗura a ƙaramin bakin nan mai shuɗin murfi. Hajiya ta leƙo ta taga ta tambayi ko ruwan sanyi nake ba ta. Na ce a'a, yuriya ce, kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa. Ana fesa shi cikin salansa, ya haɗu da gubar da ke cikin hayaƙi ya mai da ita iska da tururi marasa cutarwa, kuma in ya ƙare motar da kanta take rage gudu har sai an ƙara. Ta ce, "Yuriya dai ta masara?" Na ce ita, sai dai an tace ta. Ta yi shiru, can ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, manomi yana neman buhu ɗaya ido rufe, a nan mota ce take sha.

Daga Dalhart zuwa Texline tirela ta bi mu kamar akuya mai igiya. Da muka shiga Niyu Meziko agogo ya koma baya da awa ɗaya, abin da ya ba yara mamaki fiye da duk abin da muka gani. A Clayton muka yi azahar da la'asar, kasaru, muka ci dambun nama da burodi. Muka wuce dutsen Capulin, tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, yana tsaye shi kaɗai kamar an kife ƙwarya. Ban tsaya ba, raina yana kan abin da ke gaba.

Mashigar Raton tana kan iyakar Niyu Meziko da Kolorado, a kan babban titi I-25, tsayinta mita 2,388 daga teku. Tsohuwar hanyar fatake ce, ayarin Santa Fe ta nan suke bi da kekunan shanu tun kafin jirgin ƙasa ya iso. Hawan bai ba ni tsoro ba. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, don iska tana sirancewa, amma turbo yana cusa wa Giwa iskar da take so. Muka wuce wata ƙaramar mota da ke jan kwale-kwale tana nishi a layin dama.

Gangarar ce abin ji. Kusan tan bakwai da rabi ne gaba ɗaya muke, iyalina duka a ciki, kuma daga ƙoli zuwa garin Trinidad saukar ta fi mita 500. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Na danna makunnin birkin salansa tun kafin mu karya. Abin da yake yi, yana matse hanyar fitar hayaƙi a cikin turbo, sai injin ya koma yana tokare motar maimakon tura ta. Giya ta sauko da kanta, wani gurnani mai kauri ya taso daga ƙarƙashinmu, allurar gudu ta tsaya a 50 kamar an kafa mata ƙusa. Na ƙirga, sau uku kacal na taɓa birki har ƙasa, shi ma a kwana. Hajiya da ta fara jan carbi da sauri a sama, na ga a madubi hannunta ya koma daidai. Da muka tsaya na zagaya na kai bayan hannuna kusa da kowace taya, ɗumi kawai, babu ƙauri.

Uwargida ta ce, "Baban yara, wannan kam ta yi." Na buɗe baki zan fara wa'azi, ta ɗaga mini takardar sikeli. Na rufe.

Lissafin mai ba daɗi: mil 11 a galan ɗaya, alhali in ba ta jan komai tana ba ni kusan 19. Ja da baya zuwa cikin filin kwananmu ma sai a karo na huɗu, ɗana yana ta "hagu, Baba, ɗaya hagun", maƙwabta suna zaune a kujerunsu suna kallo kyauta. Na kashe injin da sauri don ƙararsa ta cika wurin. Aka tuƙa tuwon shinkafa a kan risho, da miyar kukar da ta fito daga jakar nan mai nauyi, ashe har da daddawa da turmin ƙarfe a ciki.

Gobe in Allah ya kai mu sai tuddan yashi na Great Sand Dunes, waɗanda suka fi kowane tudun yashi tsawo a nahiyar Arewacin Amurka, sama da mita 200. Hajiya ta ce ita da aka haifa kusa da Maraɗi ba za a nuna mata rairayi ba, amma za ta je. A hanya akwai mashigar La Veta, wadda ta fi ta yau tsawo da kusan mita 500. Kafin ta kwanta ta kira ni ta ce gobe ita za ta zauna a gaba, tana so ta ga makunnin nan da nake dannawa. Ta kuma ce kada wanda ya sake taɓa mata jaka.