Inda Baka Mai Lanƙwasa Zai Zauna

Mu uku ne a wani ƙaramin ofis da ke Aboabo, nan Kumasi, muke rubuta wa wani ɗan kasuwar Kejetia manhajar lissafin kayan shagonsa. Makon jiya na buɗe Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, domin in duba gyaran da ƙaramin cikinmu ya yi, sai na tarar da ɗaruruwan layuka sun sauya, alhali layi biyu kacal ya taɓa. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Wallahi Yaya, adanawa kawai na yi." Gaskiya ya faɗa, domin ya kunna saitin editor.formatOnSave a VS Code ɗinsa, wato editan da yake rubuta kod a ciki, kuma duk lokacin da ya adana fayil, sai editan ya sauko da kowane baka mai lanƙwasa, wato alamar { da ke buɗe rukunin umarni a cikin kod, zuwa sabon layi. Nawa editan kuwa yana mayar da shi ƙarshen layin da ke sama.

Wannan saɓani ya girme mu duka. Salon da na saba da shi ana kiransa K&R, daga sunayen Brian Kernighan da Dennis Ritchie, waɗanda littafinsu kan harshen rubuta manhaja na C ya fito a 1978. Nasa salon yana ɗauke da sunan Eric Allman, wanda ya rubuta sendmail, manhajar aika imel. Ina son na farko saboda yana rage tsawon shafi, amma na yarda cewa na biyu ya fi sauƙi ga mai koyo, tunda idonsa yana ganin bakan buɗewa da na rufewa a saiti ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne gyara na gaske ya ɓace a cikin tarin sauyin da ba shi da ma'ana, kuma a irin wannan tarin ne kuskure ke wucewa ba a gan shi ba. Kuɗin mutum ne muke lissafawa.

Akwai kuma wurin da maganar ta wuce son rai. A harshen JavaScript, idan aka rubuta return, wato umarnin mayar da sakamako, sannan aka sauko da bakan zuwa layi na gaba, harshen da kansa zai sanya waƙafi mai ruwa bayan return, aikin ya dawo hannu wofi ba tare da wani gargaɗi ba. Masu harshen Go sun rufe ƙofar gardamar gaba ɗaya, domin kod ɗin ba zai haɗu ba idan bakan buɗewa ya sauka ƙasa.

Don haka muka cire hukuncin daga kwamfutar kowa, muka sanya shi cikin ma'ajiyar aikin. A ɓangaren da muka yi da harshen C# mun rubuta csharp_new_line_before_open_brace = all a fayil ɗin .editorconfig da editoci ke bin saitinsa, domin kowane baka ya sauka sabon layi, na haƙura da salona tunda al'adar harshen ke nan. Ɓangaren JavaScript kuma mun bar wa Prettier, manhajar da ke tsara kod da kanta. Mun tsara dukan fayilolin a rana ɗaya, muka tura wannan sauyi shi kaɗai, kuma gyaran da ƙaramin namu ya aiko mini jiya layi huɗu ne.